Haƙorin Makkan Hajiya Kubra Mai Masa

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar motar Gwagwalada da safe da yunwa a cikinsa ya san Hajiya Kubra. Ko bai san sunanta ba, ya san dariyarta. Ni kuwa na fi kowa saninta, don shekara da shekaru teburina na kayan miya yana jingine da rumfarta, hayaƙin tandarta ne ma ya rine mini mayafai. Sunana Rabi'atu. Muna saɓawa da ita kamar harshe da haƙori, amma kafin ƙullun ranar ya ƙare mun shirya.

Hajiya mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Zazzau. Ta biyo mijinta Malam Lawal tun lokacin da ake ta haƙa da gini a Abuja, shi yana leburanci, ita tana soya wa leburori masa a kan murhun duwatsu. Da gine-ginen suka tashi sai suka ture su, kamar yadda suka ture talakawa da yawa, suka yi ta matsawa har suka yada zango a Gwagwalada. Yanzu ƙarfi ya ja baya, Malam yana zaune a inuwar masallacin kasuwa da faifan asuwaki da turare da carbi. Mutum ne da sai ka ja shi da magana kafin ya ce uffan. Ita kuwa matar tasa Allah ya ba ta baki, ya kuma ba ta abin nunawa a cikinsa.

Haƙorin Makka nake nufi. Da masar nan ta yi adashi har ta je ta sauke farali, ta dawo da rigar zinare a kan haƙorinta na gaba, na sama. A ƙauyensu ba sai an faɗa ba, kowa ya san wadda ta je da wadda ba ta je ba. Amma a nan, inda Gbagyi da Yarbawa da Ibo da ɗaliban jami'a ke wucewa ta gabanka ba wanda ya san gidan ubanka, haƙorin shi ne shaidarta. Baƙo zai tsaya ya ce, “Mama, ba ni masa.” Sai ta yi masa murmushi, zinaren ya ƙyalla, ka ji ya gyara: “Yi haƙuri, Hajiya.” Na ga hakan ya fi a ƙirga, kuma ban taɓa ganin ta gaji da shi ba.

Mutum ɗaya ne bai yi murna da haƙorin ba. Ita ta ba ni labarin da bakinta, tana dariya. Wai da can tana da wushirya, irin wadda samarin ƙauyensu ke yi wa waƙa, rigar zinaren kuma ta ɗan fi haƙorin faɗi, sai ta toshe ta. Ranar da ta dawo, gida cike da 'yan barka, Malam Lawal ya dube ta ya ce, “Kin zo mana da zinare, kin baro mini wushiryata a can.” Daga wannan bai ƙara cewa komai a kai ba. Tun ranar kuma ya daina kiran sunanta, shi ma ya koma ce mata Hajiya kamar kowa.

To, a bara ne dariyar ta fara raguwa. Sai na ga tana jan bakin mayafi tana rufe baki idan za ta miƙa wa mutum masa. Goron da take ci kamar abinci, sai ta koma gutsurarsa da gefe. Idan ta kurkure baki ta zubar, ruwan ja-ja. Kuma gaskiya ɗaya ce, bakin ya fara tashi, ni da ke kusa da ita na sani. Na yi kawaici na gaji, ran nan na ce, “Hajiya, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Me ke damun bakin nan?”

Ta waiga hagu da dama, ta matso, ta sa yatsa ta taɓa haƙorin zinaren. Na ga ya motsa. Ni kuwa na san abin da yake a wurinta.

“Rabi, idan wannan ya fita, ni kuma wace ce a garin nan?” in ji ta.

Akwai wata likitar haƙori da ke tsayawa sayen masa idan za ta wuce aiki, Dakta Promise, yarinya ce sa'ar 'ya'yanmu. Hausarta irin ta Abuja ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “kai” ne. Washegari tana tsayawa na ajiye kunya gefe na ce, “Dakta, ki duba mana bakin baiwar Allahn nan, haƙorin Makkanta yana rawa.” Hajiya ta galla mini harara kamar ta watsa mini mai. Likita ta ce ba a duba baki a bakin titi, mu same ta a asibiti. Na rufe teburina na tasa Hajiya a gaba.

Aka duba, aka ɗauki hoto, aka yi ta zura wani ɗan siririn ƙarfe tsakanin haƙori da dasashi. Sannan likita ta zauna ta yi mana bayani. Datti ne ya taru ya daskare kamar siminti, ba a saman haƙori kaɗai ba, har can ƙarƙashin dasashi, shi ya sa naman ya kumbura ya saki haƙoran. Ciwon sugan da Hajiya ke fama da shi kuma yana ƙara wa abin wuta. Maganinsa wanki ne mai zurfi, a shiga ƙarƙashin naman a kankare har saiwa, gefe ɗaya a zama na farko, ɗaya gefen a wani zaman.

“Zinaren fa?” Abin da Hajiya ta tambaya ke nan, duk sauran bayanin ya bi ta bayan kunnenta.

“Mama Hajiya, mu wanke tukuna,” in ji likita. “Idan nama ya kama haƙori, zinarenka yana nan. Idan bai kama ba, za mu yi magana. Ranar da za ka zo, ka ci abinci, ka sha maganinka, ka kawo mini su in gani. Ka goge baki yadda ka saba, shi ke nan.”

Ni na ɗauka za ta tsorata. Ina. Muna fitowa Hajiya ta kama hannuna tana rawar jiki kamar an ce an biya mata kujerar Makka karo na biyu. “Kin ji ko, Rabi? Ta ce zinaren yana nan.” Na ce mata ai “idan” likita ta ce. Ta ce ni dai ban iya jin alheri ba. Kafin azahar babu wanda bai ji ba a tasha, daga masu lodi har masu faci, cewa za a yi wa Hajiya wankin baki da inji. Wanda ya sayi masa sai an haɗa masa da labarin kyauta. Wasu manoma daga Paikon Kore da suka kawo doya, ba su ma gama gane abin da take faɗa ba, suka yi mata fatan alheri suka wuce.

Masu ba da shawara kuwa suka fito kamar tururuwa. Gaba-gaba akwai Ɗangoggo direba, wanda bai taɓa taka asibitin haƙori ba amma ya san komai na ciki. Ya ce injin nan zinare yake lashewa. Ya ce dattin da ake cirewa shi ne ke riƙe da haƙora, ana kankarewa za su zube kamar masara. Ya ce wani oga da ya taɓa ɗauka an yi masa, yanzu kunu kaɗai yake sha. Na ce masa ya je ya wanke motarsa tukuna kafin ya yi maganar wanki. Hajiya dai ko a jikinta, dariya kawai take ta bayan mayafi.

Sai shiri. Ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ta yi kitso, ta sa lalle hannu da ƙafa, ta fito da atamfar da take ajiya don biki ta kai wa tela. Ta buga wa 'yarta Surayya waya a Kubwa ta ce ta sa ta a addu'a. Ta bi maƙwabta tana neman yafiya ɗaya bayan ɗaya, har da mai rake da suka yi shekara ba sa gaisawa. Na ce, “Hajiya, haƙori fa za a wanke, ba gawa ba.” Ta ce in rufa mata baki. Duk wannan na gani na yi dariya. Abin da ban gani ba shi ne wanda take yi a bayan ɗaki.

Ranar tafiya ta fito kamar uwar amarya, turaren Malam yana tashi, amma mayafin a naɗe har hanci, kuma ba ta cika magana ba. A cikin Keke Napep na ga tana zufa, hannunta yana ɓari. Na ɗauka zumuɗi ne. Muka shiga, ta hau kujerar nan mai kwanciya, likita ta ce ta buɗe baki. Ta buɗe. Dakta Promise ta leƙa, ta ɗago, ta sake leƙawa, sannan ta ajiye abin hannunta.

“Mama Hajiya, me ka sa a baki?”

Hajiya ta kau da ido. Na leƙa ni ma. Dasashin ya yi jajur, ya saɓule wuri-wuri kamar an zuba masa ruwan zafi.

Da ƙyar ta faɗa. Ashe tun ranar da aka ba ta rana, kullum sai ta ɗebi gawayin murhunta ta daka, ta haɗa da gishiri da jar kanwa, ta sa tsumma ta dirje haƙoran safe da yamma. Na ce, “Don Allah don me?”

Ta dube ni kamar ni ce mahaukaciyar. “Yarinyar nan masata take ci. Sa'ar Surayya ce. In zo in wangale mata baki da datti? Ko baƙo za ka yi ai sai ka share tsakar gida.”

Haushi da tausayi suka kama ni a tare. Na so in yi mata tas, amma na san ni ma da ni ce, da wuya in kai wa sa'ar 'yar cikina ƙazantata ba tare da na rage ba. Haka aka rene mu. Garin neman gira dai ta kusa rasa ido.

Ba a nan ta tsaya ba. Likita ta ga zufar ta tambaya ko ta karya kumallo. Hajiya ta ce a'a, ai Ɗangoggo ya ce ba a cin abinci idan za a yi wa mutum aiki a asibiti. Maganin suga kuwa ta sha, tunda an ce ta sha. Nan da nan aka auna ta, aka kawo mata lemo mai zaƙi, aka sa ta zauna har jirin ya sake ta. Likita ba ta yi faɗa ba, ta dai riƙe hannunta mai lalle ta ce, “Mama, datti shi ne aikina. Idan ka share kafin ka zo, ni me zan yi? Kuma wanda nake nema yana ciki, gawayi ba ya kai wurin. Yau ba zan taɓa ba, sai ciwon nan ya warke.”

Muka dawo tasha da atamfa da lalle da baki yadda yake, har ya fi da lalacewa. Masu lodi suka taso da barka, kowa na son ganin sabon baki. Wata ce da ta shige ɗaki ta rufe. Hajiya kuwa ta zauna a kan kujerarta ta ba su labarin da kanta, tana kwaikwayon Hausar likita, “Me ka sa a baki?”, har mai rake ya riƙe ciki. Da yamma Malam Lawal ya zo wucewa, ya ajiye mata wani ɗan siririn asuwaki a gefen tanda, mafi taushi a faifansa, ya wuce abinsa.

Da ciwon ya warke muka koma. Wannan karon ta ci masarta da miya ta ƙoshi, ta sha magani, ta zuba sauran a jaka don likita ta gani. Zumuɗin yana nan, sai ma abin da ya ƙaru. Aka yi mata allurar kashe zafi a dasashi, ta damƙe hannuna har zobena ya shige nama, daga nan kuma ba ta ƙara jin komai ba. Injin ya kama tsuwa kamar sauro a kunne, ruwa yana fesawa, wani bututu yana zuƙewa. Bayan injin likita ta bi da ƙananan ƙarafa tana kankara a hankali. Da aka gama ta nuna mata abin da ya fito a kan auduga, ɓaraguzai baƙaƙe da ruwan goro kamar ƙanzon tukunya.

“Duk daga bakina?” in ji Hajiya, leɓe ɗaya a sake, maganar tana fita a karkace. Ta ce a ƙunsa mata ta kai wa Ɗangoggo. Likita ta yi dariya ta hana.

An ce kada ta ci komai sai allurar ta sake ta, kada ta ciji harshe ba ta sani ba. Ba ta haƙura ba, muna isa ta ce a ba ta koko ta gwada. Ya bi ta gefen baki ya sauka a kan atamfar. Ni da ita muka yi dariya har hawaye, rabin fuskarta yana yi, rabi yana kallonmu. Bayan kwanaki aka yi ɗaya gefen, wannan ko hannuna ba ta nema ba.

Daga nan Hajiya ta ɗauki kula da baki kamar ibada, don an gaya mata wankin rabin aiki ne, sauran yana hannunta. Kwanakin farko kunu da fate mai ɗumi kawai take sha, ba yaji ba tauri. Ta samo wani ɗan kofi ta ajiye kusa da tanda, ta riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri kaɗan. Ta yar da tsohon buroshinta mai kama da na wankin takalmi, ta sayi mai laushi, tana gogewa safe da dare a hankali, tana karkata shi wajen dasashi yadda aka nuna mata a madubi. Tsinken tsintsiya da take sakace da shi ta bari, ta koma zaren sakace, ko da yake ranar farko ta ɗaure yatsunta da shi sai da na kwance ta. Asuwakin Malam kuma likita ta ce ta ci gaba da shi, in dai ba dirza za ta yi ba. Har awon suga da take gudu ta koma yi a kan kari.

Goro ne ya ba ta wuya. Likita ta ce ta rage shi sosai, ita kuwa ta ce rabi-rabi ba halinta ba ne, ta bari gaba ɗaya. Sai ka ga ta kwance ƙullin ganye, ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta miƙa wa na kusa da ita ta ce, “Ci, in ji ƙarar.”

Ba a rasa abin tsoro ba. Ruwan sanyi ya riƙa tsirga mata har ƙwaƙwalwa, kuma da kumburin ya sabe sai ƙananan ramuka suka bayyana tsakanin haƙoran. Ɗangoggo ya zo ya tsaya yana kaɗa makulli ya ce, “Ban faɗa ba?” Hajiya ta tare Dakta Promise da safe, likita ta ce wuraren dama suna nan, datti da kumburi ne suka cike su, tsirgawar kuma za ta lafa, ta faɗa mata irin man goge bakin da za ta saya. Haka kuwa aka yi. Jini ya tsaya, warin ya tafi, mayafi ya koma kafaɗa. Dariyar nan ta dawo tasha, har ta fi da ƙarfi. Ta koma yi wa masu sayen masa wa'azi, duk direban da ya yi hamma a gabanta sai ta leƙa ta ce, “Kai ma kana da siminti.” Na tabbata ta tura wa likitar nan mutane sun fi cikin mota.

Da makonni suka shuɗe, ranar komawa a duba ta zo. Hajiya ta tafi da masa cike da kwano don likita, tana tafe tana cewa yau za a ba ta sakamako kamar 'yar makaranta. Aka sake bi da ɗan ƙarfen nan haƙori bayan haƙori. Likita tana gyaɗa kai, tana cewa nan ya kama, nan ma ya kama. Da ta zo kan na zinaren sai ta daɗe. Ta taɓa, jini ya ɓullo.

“Mama Hajiya, ka yi ƙoƙari, ko'ina ya warke,” in ji ta. “Saura wannan. Bakin rigar zinare ya shiga cikin nama, akwai ɗan rami a wurin da buroshi ba ya kai, zare ba ya kai, ni ma ba na kai. Idan riga yana nan, ciwo yana nan, wata rana haƙori zai fita da shi gaba ɗaya. Idan na cire riga, ina sa rai haƙori zai tsaya. Kai za ka zaɓa.”

Na ga idon Hajiya ya kawo ruwa, ni ma nawa ya kawo. Duk goron da ta bari, duk zaren da ta koya, don zinaren nan ta yi. Na buɗe baki zan ce mu je gida ta yi shawara, sai ta ɗaga mini hannu.

“Na ƙarƙashin, nawa ne na ainihi?”

“Naka ne, Mama. Hoto ya nuna yana nan.”

Ta murza zoben hannunta. Can ta ce, “Wanda na je dominsa ya san na je. Wancan kuwa da shi na girma a gaban uwata. Cire, 'yar nan.” Ta gyara kwanciya ta rufe ido.

Ba a daɗe ba aka zare rigar, aka wanke wurin, aka goge. Likita ta saka zinaren a 'yar leda ta ba ni, ta miƙa wa Hajiya madubi. Haƙorin ya ɗan dushe, ya fi 'yan'uwansa ƙanƙanta, amma yana nan tsaye. Kusa da shi kuma ga wata 'yar siririyar ƙofa da ni ban taɓa gani ba duk zamanmu. Hajiya ta kafa wa madubin ido, ta sa harshe ta taɓa wurin, ta ce a hankali, “Bakin Innata ke nan.” Sai ga dariya ga hawaye a tare.

Haƙorin dai yana nan har yau, ya kafu, rawar ta tsaya, kuma duk bayan 'yan watanni Hajiya tana komawa a duba, ba ta ƙara share tsakar gida da gawayi kafin ta je ba. Zinaren yana ƙulle a bakin zanenta. Baƙon da ya kuskura ya ce mata Mama, wani lokaci takan kwance ta nuna masa, wani lokaci ta ƙyale shi.

Amma a ranar, da muka fito, ƙarfin halin ya gudu. Ta ja mayafi ta rufe baki kamar da, ta ce ba za ta iya shiga tasha haka ba, mu zaga ta bayan masallaci. Ta manta wanda ke zaune a can, ni kuwa ban tuna mata ba. Malam Lawal yana kan tabarmarsa yana fere asuwaki da 'yar wuƙa. Ya ɗago ya gan mu.

“Hajiya, an dace?”

Ta tsaya. Na sa hannu na janye mayafin, in ta ga dama ta yi fushi da ni shekara. Ta yi ƙoƙarin tsuke baki, amma bakin Hajiya bai saba da tsukewa ba, murmushi ya ƙwace mata.

Wuƙar ta tsaya a hannun Malam. Ya daɗe yana kallonta, tsoho da furfura, a gaban masu alwala da masu wucewa, ko kunyar idona bai ji ba. Sannan ya ajiye asuwakin, ya matsa gefe ya bar mata wuri a kan tabarma.

“Kubra,” ya ce, “sai yau kika dawo?”

Na ɗauki kwanon masar da babu komai a ciki na wuce tasha ni kaɗai.